Tambaya da Amsa: Naɗar Littafi da Murya a Gida

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan masu karanta littattafai a makirufo daga gida, domin jama'a su saurara a waya ko a mota. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, wasu kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A da da waya nake naɗa, sai na yi ƙoƙari na sayi makirufo irin na situdiyo mai shiga kwamfuta ta USB. Abin mamaki, muryata ta fi muni yanzu. Sai ka ce a banɗaki nake magana, kuma duk wanda ya motsa a gidan ana jin sa. Jabu aka sayar mini ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce jabu ne, Malam. Mafi yawan lokuta makirufon lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne yake tona wa asiri.

Kafin komai, duba abu biyu a jikinsa. Yawancin irin waɗannan makirufo ta gefe suke ji, ba ta kai ba, kuma gefen da ke ɗauke da tambarin kamfani shi ne gaba. Wanda ya nuna kan makirufon zuwa bakinsa yana magana ne ta inda na'urar ba ta ji sosai, sai ta ɗauko amon ɗaki a madadin muryarsa. Na biyu, idan yana da maɓallin zaɓen ɓangaren da zai ji, mayar da shi kan alamar da ta yi kama da zuciya. A nan ne yake ji daga gaba, ya rage na gefe, ya kusan toshe na baya. Alamar da'ira kuwa ɗakin duka take kwasowa.

Daga nan sai tazara. Duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin bakinka da makirufo, muryar da ke isa gare shi kai tsaye tana raguwa da kusan 6 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amon ɗaki kuma yana nan yadda yake. Wato wanda ya zauna santimita 60 daga makirufo ya yi asarar 12 dB idan aka gwada shi da wanda ke santimita 15, kuma amsa-kuwwa ce ke cike wannan giɓin. Wayarka ta fi daɗin ji ne saboda kusa da baki kake riƙe ta. Ka tsaya tsakanin santimita 15 da 20, misalin taƙi guda.

Sai ɗakin kansa. Zauna inda kake karatu, ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. Idan tafin ya bar wata 'yar ƙara mai kaɗawa a bayansa, sauti yana kai-komo ne tsakanin bangaye biyu da ke fuskantar juna. Abin da ke shanye shi abu ne mai laushi da kauri: katifa a jingine, bargo mai nauyi ninki biyu, labule mai yawan tattara, kafet a ƙasa, kantar littattafai. Inda mutane ke kuskure shi ne wurin da suke sa su. Suna lulluɓe bayan makirufo, alhali can ne ba ya ji. Makirufon yana kallon fuskarka, don haka yana kallon bangon da ke bayanka. Wannan bangon za ka fara rufewa, sannan hagu da dama daidai da kanka, sannan ka shimfiɗa tawul a kan tebur, domin tebur ma yana mayar da sauti cikin makirufo. Kada ka zauna a lungu inda bango biyu suka haɗu, nan ne ƙaramin amo ke taruwa, kuma kada ka zauna a tsakiyar ɗaki cak.

Kauri ya fi yawa muhimmanci. Sauti yana tafiya mita 343 a sakan ɗaya, saboda haka igiyar sauti mai kauri ta muryar namiji, a wajen 100 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya), tsawonta ya haura mita uku. Siririn soso mai santimita biyu ko uku ba ya iya komai da ita. Saman murya kawai yake shanyewa, ya bar kaurin, sai ɗaki ya koma yana gunji kamar an toshe hanci. Nemi abin da ya kai santimita 10, kuma idan bargo ne, rataye shi da ratar santimita 10 daga bango, kada ka manna shi. Kwalin ƙwai kuwa, a bar shi. Ya yi kama da soson situdiyo a ido, amma ba shi da kaurin da zai yi aikin.

Game da motsin mutanen gida: bargo ba ya hana ƙarar waje shigowa. Wannan aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofi. Abin da za ka iya shi ne cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, rufe tagogi, da zaɓar sa'o'in da gida ke kwance.

Tambaya: An ce in shiga cikin kwabet ɗin kaya in yi naɗi. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne idan tana cike da tufafi a rataye kuma tana da girman da za ki zauna ba tare da bango ya matse ki ba. Ƙaramar kwabet ta katako wadda babu kaya a ciki ta fi ɗakin muni, tana ƙara wa murya wani amon akwati a tsakanin 200 da 500 Hz wanda cire shi daga baya aiki ne. Dabarar da ta fi sauƙi: buɗe ƙofofinta biyu, ki zauna kin ba wa tufafin baya, ki rataya bargo a kowace ƙofa. Ki riƙa fitowa shan iska, domin zafi da ƙarancin iska suna gajiyar da murya da wuri.

Tambaya: Duk inda na faɗi kalma mai "f" ko "b" sai in ji bum a hedifon. "S" ɗina kuma yana sukar kunne. Na sa manhajar cire ƙas-ƙas, sai na ji kalmomi kamar "ƙasa" da "tsari" sun lalace. Ina mafita?

Amsa: Cuta uku ce, Malama, kowace da maganinta.

Bum ɗin iska ce, ba murya ba. Sa tafin hannunki gaban baki ki ce "faɗa" ko "babba", za ki ji iskar da ke fita. Ita ce ke bugun fatar makirufo. Ki sa rariyar iska, wato zoben nan mai raga, santimita 5 zuwa 8 gaban makirufo, ba a manne da shi ba. Sannan ki kauda makirufon daga hanyar iskar: ɗaga shi daidai hanci ko kumatu, ko ki matsar da shi gefe kamar digiri 30, yana nuna bakinki amma ke ba kya hura masa. Idan kin sake gwada tafin hannu a wurin da makirufon yake kuma ba ki ji iska ba, kin samu wurin. Matsowa kusa fiye da kima yana ƙara matsalar, domin irin wannan makirufo yana kumbura ƙasan murya idan aka matso, kuma bum ɗin a can ƙasa yake zaune.

Sukar "s" da "sh" tana tsakanin 5,000 da 8,000 Hz. Karkatar da makirufo da kika yi zai rage ta. Sauran sai na'urar rage "s" da ke cikin manhajar gyara, a saita ta ta rage 3 zuwa 5 dB kawai a daidai lokacin da harafin ya fito. Idan kika ji kin fara magana kamar mai tsamin baki, kin wuce gona da iri.

Ta ukun ta shafi harshenmu musamman. Manhajojin cire ƙas-ƙas na baki suna farautar duk wani gajeren sauti mai kaifi su goge shi. To "ƙ" da "ts" haka suke a halittarsu: ana rufe maƙogwaro, a matse iska, a sake ta da ɗan tsartuwa. Manhajar ba ta san bambanci ba, sai ta aske su, "ƙ" ya koma kusa da "k". Kada ki bi babin duka da ita. Ki saurara, inda kika ji ƙas na yawu ki zaɓi wannan ɗan wurin kaɗai ki gyara. In dole sai kin bi duka, sa ta a mafi ƙarancin ƙarfi, ki gwada da jimlar da ke cike da "ƙ", "ts", "ɗ" da "ɓ" kafin ki amince mata.

Tambaya: Akwai wata ƙara da ba ta rabuwa da naɗina, ko da na yi shiru. Na yi ta sa Noise Reduction, wato mai rage ƙara, a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ƙarar ta tafi amma muryata ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Me zan yi?

Amsa: Ka fara gano wace irin ƙara ce, Malam. Naɗi sakan 30 kana zaune shiru a inda kake karatu, ka ƙara masa ƙarfi sosai, ka saurara da hedifon mai rufe kunne.

Idan gunji ne mai tsayawa a amo ɗaya, mmm, lantarki ne. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 a sakan a Afirka da Turai da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka, kuma wannan kaɗawar tana shiga naɗi tare da 'ya'yanta a 100 da 150 Hz. Zare cajar kwamfuta ka naɗa da batir. Idan gunjin ya ɓace, ka kama ɓarawon. Raba wayar makirufo da wayoyin wuta, kada su kwanta tare. In dole su haɗu, su gitta juna. Canja ramin USB, ka guji na'urar raba ramuka, ka kuma nisanta wayar salula ko ka sa ta a yanayin jirgi, domin ita ke kawo wannan tit-tit-tit ɗin.

Idan sss ne mai laushi marar tsayawa, daga na'urar kanta yake, kuma yawanci dalilinsa ɗaya: ka yi nisa da makirufo ko ka yi magana ƙasa-ƙasa, sai ka murɗa ƙarfin shigar murya har ƙarshe don a ji ka. Matso, ka rage murɗin. Ka saita shi yadda mafi ƙarfin maganarka zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin manhaja. A wannan ma'auni 0 shi ne rufi, duk abin da ya taɓa shi ya fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta gyaruwa.

Idan kuwa rugugi ne mai kauri, to firji ne, ko fanka, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko janareta, ko motoci a titi. Wani lokacin ta tebur yake hawowa: fankar kwamfuta tana girgiza tebur, tebur ya girgiza ƙafar makirufo. Sauke kwamfutar daga teburin, in da hali ka fitar da ita daga ɗakin da doguwar waya, ka karanta daga allon hannu wanda ba shi da fanka kuma ba ya ƙarar buɗe shafi. Matatar da ke yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz tana kwashe yawancin rugugi ba tare da ta taɓa murya ba.

Sai abin da ya rage bayan duk wannan ne ake kai wa Noise Reduction. Zaɓi sakan biyu ko uku na shirun ɗaki zalla, ba numfashi ba motsi, ka ba shi a matsayin samfuri, sannan ka rage 6 dB, in ta yi tsanani 9. Muryar ƙarƙashin ruwa da kake ji tana zuwa ne idan an rage 15 ko 20, domin ƙarar da muryar a wuri ɗaya suke zaune, ba yadda za a yanki ɗaya da yawa ba a taɓa ɗayar ba. A ra'ayinmu, ɗan sss marar ƙarfi ya fi sauƙin haƙuri a kunne na awa takwas a kan murya mai ɓulɓuli.

Tambaya: Sautina ya yi kyau, amma waɗanda suka saurara sun ce karatuna na sa su barci, wai kamar ɗalibi aka tsayar a aji. Ni kuwa ban ga kuskuren da nake yi ba.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, domin babu na'urar da ke gyara ta.

Karatun aji yana da alama: kowace jimla da kiɗa iri ɗaya, ta tashi a farko, ta gangara, ta faɗi a aya, ta gaba ma haka. Dalilinsa shi ne ido da baki suna tafiya tare a kan kalma ɗaya. Mai karatu bai san inda jimla ta nufa ba sai ya kai ƙarshenta, saboda haka ba zai iya ba ta siffa ba. Gwani idonsa yana gaba da bakinsa da kalmomi huɗu ko biyar.

Tun ran gini ran zane: ka karance littafin duka kafin ka kunna makirufo, da alƙalami a hannu. Ga mai karanta Hausa wannan dole ne, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Baƙi" na launi da "baƙi" masu zuwa gida rubutunsu ɗaya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Abin da ya fi kama mutane ma shi ne ƙananan kalmomi: "ta zo" na iya zama labarin ta riga ta iso, na iya zama umarnin a bar ta ta zo, kuma tsawon "ta" da karinsa ne kaɗai ke rabewa. Wanda ya ci karo da shi ba shiri zai faɗi ɗaya, a tsakiyar jimla ya gane ɗayan ake nufi, sai muryarsa ta yi tuntuɓe. Sa wa irin waɗannan alama. Sa alama a sunayen mutane da na wurare da baƙin kalmomi, ka tabbatar da lafazinsu tun kafin ranar naɗi, ka rubuta su a takarda ɗaya don kada sunan mutum ya canja lafazi tsakanin babi na 2 da na 15.

A kowace jimla akwai kalma ɗaya, wani lokaci biyu, da ke ɗauke da sabon abu. Ja mata layi. A "ba kuɗin ya dame ta ba, ƙaryar ce," nauyin yana kan "ƙaryar". Idan ka danna kowace kalma, ba ka danna komai ba. Kuma a Hausa ka yi hattara da yadda kake dannawa: ɗaga amon kalma yana iya sauya ma'anarta, don haka nauyi ya fi kyau ya zo ta ɗan jan lokaci, ko ɗan tsayawa gabanta, ko ƙarin ƙarfi kaɗan.

Tsayawa ma ba iri ɗaya ba ce. Waƙafi ɗan taɓi ne, wani ma ba a tsaya masa. Aya kamar rabin sakan zuwa sakan. Sabon sakin layi ya ɗan fi haka. Sauya wuri ko lokaci a labari, sakan biyu zuwa uku. Bayan jimlar da ta girgiza labari, bar mai sauraro ya haɗiye ta. Mai karatu da ido yana iya ɗaga kai ya yi tunani, mai sauraro kuwa sai abin da ka ba shi.

Game da sauri, masu karanta Turanci sukan tsaya a kalma 150 zuwa 160 a minti. Kada ka ɗauki wannan adadi a matsayin doka ga Hausa, tsarin kalmominmu daban ne. Ɗauki shafi, ka karanta shi sau uku da sauri daban-daban, ka saurara washegari kana tafiya ko kana wani aiki, kamar yadda masu sauraronka za su yi. Wanda ka fahimta ba tare da ka koma baya ba, kuma bai gundure ka ba, shi ne naka. Yawancin sababbi sauri suke yi, kuma suna ƙara shi yayin da suka gaji.

Abu na ƙarshe, ka daina karanta wa jama'a. Mai sauraronka mutum ɗaya ne, muryarka na cikin kunnensa. Ka ɗauka yana zaune kamu biyu daga gare ka, kana ba shi labarin da ka riga ka sani kuma kake so ya ji. Motsa hannu, ɗaure fuska, yi murmushi inda ya dace, duk ana jin su a murya. Kanka kawai za ka tsayar wuri ɗaya, kuma ka sa tufafin da ba sa ƙara.

Tambaya: Ni namiji ne, littafin kuma cike yake da mata da yara. In siranta murya?

Amsa: A'a. Sirantacciyar muryar ƙarya tana mayar da kowace mace abin dariya, kuma maƙogwaronka ba zai kai babi na uku ba. Ɗaga amon kaɗan ƙwarai, ka sassauta nauyin ƙirji, sauran bambancin ka nemo shi daga halin mutum: wannan tana magana da sauri tana yanke kalmomi, waccan tana jan magana don ta saba a jira ta, tsoho yana numfasawa a tsakiyar jimla. Abin da ake buƙata shi ne mai sauraro ya san wa ke magana ba tare da ya jira "in ji wance" ba. Kuma wannan "in ji wance" da muryar mai ba da labari ake faɗinsa, a sauke, ba da muryar mai maganar ba.

Duk mutumin da ya fara bayyana, yanki sakan goma na maganarsa ka ajiye a fayil da sunansa. Idan ya sake fitowa bayan shafi ɗari, saurari fayil ɗin kafin ka ci gaba. Inda aka ce wani ya daka tsawa, ja baya kamar taƙi guda ka ba da zafin ba tare da cikakken ƙarfin ba. Inda aka ce raɗa, matso kaɗan ka yi magana a hankali da murya, kada ka yi raɗa ta gaske, ba ta fita sosai kuma tana wahalar da maƙogwaro.

Tambaya: Numfashina da ƙas-ƙas na baki sun cika naɗin. In goge su duka? Kuma bayan awa ɗaya muryata takan dushe.

Amsa: Kada ki goge duka, Malama. Karatu marar numfashi yana takura mai sauraro ko da bai san dalili ba. Ki bar na tsakiyar jimla, ki rage masu ƙarfi da 6 zuwa 10 dB, ki cire na farkon sakin layi da waɗanda suka yi kama da haki. Inda kika cire, kada ki bar wurin fayau. Shiru na kwamfuta zalla yana jin kamar an yanke layi. Ki naɗi minti ɗaya na shirun ɗakinki a kowane zama, shi za ki riƙa mannawa a giɓin.

Numfashi mai ƙara yana zuwa ne idan an jira iska ta ƙare sannan aka fizgo ta da sauri. Ki sa alamar wuraren numfashi a dogayen jimloli, ki shaƙa kafin ki matsu, da baki a ɗan buɗe, cikinki ne zai kumbura ba kafaɗa ba. Ƙas ɗin farkon jimla kuwa leɓɓa ne ke rabuwa. Buɗe baki tukuna, shaƙa, ɗan dakata, sannan ki fara, sai ƙas ɗin ya faɗo cikin shiru inda yanke shi ba wuya. Sauran na bushewar baki ne. Ruwan da kika sha yanzu ba ya aiki yanzu, ki fara sha awa biyu kafin zama, sannan ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan ciki na ƙugi, ɗora matashi a kansa.

Dushewa kuma: ki ɗumama murya minti biyar zuwa goma da guna a hankali da karkaɗa leɓɓa, ki huta minti goma bayan kowane minti 45 zuwa 50. Ki daina gyaran murya da ƙarfi, haɗiye yawu ko kurɓi ruwa a madadinsa. Dushewar da ta wuce mako uku ba ta makirufo ba ce, ta likita ce.

Tambaya: Idan na yi kuskure sai in tsaya in sake daga farkon shafi. Babi ɗaya yana cinye mini yini.

Amsa: Hanya biyu ake bi. Ta farko, kada ka tsayar da naɗi: tafa sau ɗaya, ka koma farkon jimlar ka sake. Tafin zai fito a allo kamar dogon tsini, wurin yanka ke nan. Ta biyu ita ce wadda yawancin ƙwararru ke bi. Ka tsaya, ka sa alama a shirun da ke gaban jimlar da ta ɓaci, manhaja ta kunna maka sakan biyar na baya kana bi da bakinka, tana isa alamar ta fara naɗa a kan kuskuren. Audacity yana da wannan tun 2018 da sunan Punch and Roll, ana kiran sa da Shift da D, manhajar Reaper ma ana saita ta ta yi. Amfaninsa shi ne kana shiga da amo da saurin da ka bari, kuma kana tashi daga zama da babi a haɗe. Kada ka gyara kalma ɗaya tak, ɗinkin zai fito. Sake jimlar duka. Duk da haka ka sani, awa ɗaya ta littafin da aka kammala takan ci kusan awa shida na shiri da naɗi da gyara da sake sauraro, musamman ga sabon hannu.

Tambaya: Naɗin jiya da na yau ba su yi kama ba, alhali ɗaki ɗaya ne, makirufo ɗaya.

Amsa: Wani abu ya motsa. Manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera suke, da inda ƙafar makirufo take. Auna tazarar bakinki da rariya ki rubuta, ki sa alama a maɓallin ƙarfin shigar murya, ki ɗauki hoton ɗakin yadda barguna suke. Ki riƙa naɗa a lokaci ɗaya na yini, domin muryar sassafe ta fi ta yamma kauri. Kafin ki fara, saurari minti biyu na ƙarshen naɗin jiya kina karantawa tare da shi har muryoyin biyu su haɗu.

Tambaya: Na ga ana maganar ƙa'idojin ACX. Mene ne su, kuma yaya zan kai naɗina gare su?

Amsa: ACX dandali ne na Audible, kamfanin da ke sayar da littattafan sauraro, kuma ko ba can za ka kai aikinka ba, ma'auninsa ya zama abin da ake gwada naɗi da shi. Yana son matsakaicin ƙarfin murya, wanda ake kira RMS, ya tsaya tsakanin -23 da -18 dB. Mafi tsinin sauti kada ya haura -3 dB. Ƙarar ɗaki a lokacin shiru kada ta haura -60 dB. Fayil ya zama MP3 mai 192 kbps ko fiye, a tsaye ba mai hawa da sauka ba, a 44.1 kHz. Kowane babi fayil ɗinsa daban, kada ya wuce minti 120, da ɗan shirun ɗaki a farko da ƙarshe wanda bai wuce sakan biyar ba. Littafin duka ya zama mono (layin sauti ɗaya) ko duka sitiriyo (layi biyu, hagu da dama), kuma ga murya ɗaya mono ya wadatar.

Ka naɗa a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, 44.1 kHz, da bit 24 in na'urarka na iyawa, ka ajiye kwafin asali wanda ba ka taɓa ba a wuri biyu. MP3 sau ɗaya ake yin sa, a ƙarshe, domin duk sake matse shi yana rage inganci. Jerin aikin yana da muhimmanci: fara yanke kurakurai da daidaita tsayawa, sa matatar 80 Hz, rage ƙara in da buƙata, rage "s", sannan kwamfuresa, wadda ke rage tazara tsakanin magana mai ƙarfi da ta hankali, mai sauƙi, 2:1 ko 3:1, tana danne 3 zuwa 4 dB a wuraren ƙarfi don a ji maganar hankali a cikin mota. Bayan haka kai RMS zuwa -20, ka rufe da limita, mai hana sauti haura iyakar da aka sa, a -3.5 dB, wanda ya bar ɗan sarari ga abin da MP3 kan ƙara. Audacity yana da ƙarin manhaja mai suna ACX Check da ke auna RMS da tsinin sauti da ƙarar ɗaki a take.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne lissafin ƙara. Duk abin da ka ƙara wa murya, ka ƙara wa ƙarar ɗaki. Idan ɗanyen naɗinka yana -30 kuma kana son -20, za ka ɗaga 10 dB, don haka shirun ɗakinka tun asali sai ya kasance ƙasa da -70 kafin ya tsira. Wanda ɗanyen shirunsa ke -62 yana ganin ya wuce, yana ɗagawa sai ya tsinci kansa a -52. Gyaran wannan yana wurin tazara da ɗaki, kamar yadda muka bayyana wa mai tambayar farko.

Tambaya: Waya kawai gare ni. In haƙura har in sami makirufo?

Amsa: Kada ki jira. Waya a ɗakin da aka gyara ta fi makirufo mai tsada a ɗakin da ba komai sai bango. Nemi manhajar naɗi mai ajiye WAV wadda ke ba ki damar kashe daidaita ƙarfi na kai-da-kai, domin shi ne ke ɗaga ƙarar ɗaki duk lokacin da kika yi shiru. Makirufon yawancin wayoyi yana ƙasa, kusa da ramin caji, shi za ki juyo wajenki, a ɗan karkace, santimita 20 daga baki. Ɗora ta a kan maɗauri ko tarin littattafai da aka shimfiɗa wa tawul, kada ki riƙe a hannu. Sa ta a yanayin jirgi, zare caja, kuma kada ki yi naɗi da makirufon abin kunne na Bluetooth, yana yanke saman murya. Idan za ki tura wa mai gyara ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, domin saƙon murya matse shi ake yi kuma abin da ya zube ba ya dawowa.